Ki Buga, Kada Ki Furta

Litinin, 7 ga Yuni, 1999

Kwamfutar da ƙanena Narahari ya aiko ta cinye rabin teburin cin abinci. Shi yana Amurka yana ba da umarni ta waya, ni ce a garinmu Udupi, nan Indiya, da ruwan sama da mahaifinmu Appa. "Akka, abu ne mai sauƙi," in ji shi, don haka yake kirana, wato Yaya. "Ba ta san rubutunmu ba, sai ki yi da baƙaƙen Turanci. Wasali mai tsawo babban baƙi, gajere ƙarami." Mai sauƙi! Abin da zan buga karatun gidanmu ne na Sanskrit, harshen littattafan addininmu, kaka bakwai, yadda muke rera shi babu a ko'ina sai a kan Appa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye kuma, kan ya fara yoyo.

Alhamis, 10 ga Yuni

Appa ya yarda, da sharaɗi. "Ki buga, amma kada ki furta. Ba karatun mata ba ne." Na ce to. Shekara arba'in da shida ina cewa to.

Laraba, 16 ga Yuni

An ɗauke wuta sau uku. Shafi biyu sun tafi. Bayana kamar ya tsinke.

Asabar, 26 ga Yuni

Sanskrit na da "s" iri uku, madannan nan guda ɗaya suka sani. Kafin in gane ko babba zan danna ko ƙarami, sai na kai harshena inda Appa ya kai nasa. To ina yi, baki a rufe. Yau ya kama ni. "Jalaja, me kike taunawa?" Na ce kwakwa ce, Appa. Ya harare ni da idon da ke aiki.

Hawa da saukar murya kuwa, da waƙafi da ɗan layi nake nuna su. Appa ya leƙa ya yi tsaki, wai murya ba ta zama a cikin waƙafi. Na tuna muna yara, ina kankare kwakwa a ƙofar kicin, shi ya dafa kan Narahari, ya ɗaga shi in murya za ta hau, ya danna shi in za ta sauka. Narahari yana kuka. Ni har kukan nake wa hassada.

Talata, 6 ga Yuli

Narahari ya bugo. Ya fitar da shafukan a takarda, ya zauna ya rera, abu ya ƙi. "Kalmomin na nan, Akka, amma muryar ta gudu. Don Allah kada ki gaya wa Appa." To wa nake wa wannan wahala? Na gaji. Ko shinkafa ban ɗora ba.

Lahadi, 18 ga Yuli

Da hantsi Appa ya tsaya a tsakiyar baiti. Leɓe na motsi, babu abin da ke fita. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Sau huɗu. Sai hawaye. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da mahaifiyarmu ta rasu.

Ban yi niyya ba. Bakina ne ya buɗe, baitin ya fito duka, wanda ban ma kai ga bugawa ba. Ashe yana nan tun ƙofar kicin.

Ruwa na ta zuba a kan rufi. Ya ce, "Zo nan." Na durƙusa ina jiran mari. Sai na ji hannunsa mai lafiyar a kaina, ya danna ƙasa da ƙarfi.

"Kin ɗaga inda ake saukewa. Ke da ƙaninki duk kunne ɗaya gare ku. Sake."

Juma'a, 23 ga Yuli

Kwamfuta kwana biyar a lulluɓe. Na ce wa Narahari wuta ce. Wuyana na ciwo, tsohon nan bai iya dannawa a hankali ba.

Ba wani abu ba ne, taya shi tunawa kawai nake. Ya ce gobe in yi wanka tukuna kafin in zauna gabansa, kamar yadda ake yi. Na ce to. Na wanke zane na shanya a sandar sama, inda na Narahari na zaman karatu ke rataya a da.