Jifan Bahago

Zuwa ga Hindu, sanyin idona, inuwar darbejiya a tsakiyar zafin Sakkwato, ruwan randa ga wanda ya wuni a rana, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari!

Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba ta iya ɗauka.

Kin tuna yammacin da yayanki Gazali ya fito da jan faifan robar nan da ake jifa, munka tsaya a filin bayan gidanku na Ƙofar Kware? Ke kinka sake shi kamar ba ki so, ya yi ta shawagi kamar shirwa bisa mahauta, ya sauka a tafin yayanki. Ni kuwa, wayyo! Na jefa, ya karkace, ya yi adungure, ya faɗa cikin awakin maƙwabta. Kinka rufe baki da gefen hijabi kina dariya, kinka ce ranar da na jefo shi ya iso hannunki sak, in turo magabatana wurin Baba. Wasa kinka yi? Ni dai zuciyata ba ta ji shi da wasa ba.

Tun ranar, in na tashi daga rumfar nama sai fili. Da murfin bokiti na fara, kafin in samu nawa faifan. Na lura wanga abu ba ya son ƙarfi. Saran ƙashi ke son kafaɗa, shi wuyan hannu yake so, da lallashi. In iska ta taso daga gulbi, sai a kwantar da gefensa. Duk na gane, zumata, amma hannun dama ya ƙi ji!

Ga abin da ba ki sani ba: ni bahago ne. Da hagu nake riƙe wuƙa, da dama nake miƙa wa mai saye, haka Inna ta hore ni. To ina ni ina aika miki abu da hagu, a gaban yayanki? Wa ke miƙa wa farin wata hagu?

Shekaranjiya takaici ya sa na sauya hannu. Hindu! Ya tafi a miƙe, shiru, kamar balbela ta nufi makwanci. Na tsaya baki buɗe, ba abin da nake gani a ƙarshen filin sai tafukanki.

Don Allah ki yardar mini, ranar Juma'a bayan La'asar in jefo miki da hagu. Wallahi ba raini ba ne. Shi ne hannun da nake neman halak da shi, shi zai ciyar da ke. In kuma kin ce sai dama, to dama ɗin, zan koya ko da furfura za ta riske ni a filin nan.

Sai dai ki ji tausayin Kawu Mu'az, jagoran magabatana, tun jiya ya kai babbar rigarsa wurin mai guga.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a miƙe ni gabas,
Junaidu