Takardar da Ta Manna a Bango

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya lau. Ƙunar da na yi a hannu wajen walda ta kusa warkewa, kada ki faɗa wa Inna.

Jiya aka buɗe baje kolin. Matar da ke da gidan nunin ta ajiye aikina a tsakiyar ɗaki, lanƙwasasshen ƙarfen nan da kika ce kamar keken da mota ta taka. Kin dai san Inna ce na siffanta da shi, yadda take sunkuyawa don dariya in Baba ya fara cika baki.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Ta manna wata takarda a bango da yaren mutanen ƙasar nan, ni kuwa ban iya karanta shi ba. Duk wanda ya karanta sai ya juyo ya dube ni kamar maraya. Wata tsohuwa har ta damƙe hannuna, mai ciwon ma, tana hawaye. Na tambayi matar me ta rubuta, ta ce, "Tarihinka ne kawai. Tsaya can, kuma ka daina murmushi."

Yaya, yaushe na ba ta tarihina?

Don Allah ku taru a ƙofar gida, har Baba da sandarsa, a ɗauke ku hoto kuna dariya, ku turo min kafin a rufe. Zan manna shi kusa da takardar. Ina zargin matar nan ta kashe ku duka.

Allah ya ja kwananku.

Ƙaninki