Hatimin da Ya Hana Ni Jarrabawa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ƙarin Girma na ma'aikatarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai yana lafiya, ni malama ce a wata makaranta a Roni, kuma makauniya ce. Wayata ke karanta mini rubutu da murya, da ita nake shirya darasi.

Na ɗaya. A ofishinku takarda ba ta cika takarda sai ta sha hatimi. A buga ta a kwamfuta, a fitar, a sa hannu, a danna hatimi, sannan a ɗauke ta hoto a turo mana. Rubutun da wayata za ta iya karantawa tun farko, ku da kanku kuke mayar da shi hoto, ita kuwa ba ta karanta hoto.

Na biyu. Haka sanarwar jarrabawar ƙarin girma ta bara ta zo. Abokiyar aikina ta karanta mini a gurguje, ta tsallake layin ƙasa, wanda hatimin ya hau kansa, inda aka ce an sauya wuri. Na hau mashin har Kazaure, na tarar da ɗaki a kulle. Ban ga laifinta ba. Amma waɗanda na koya wa aiki yanzu sun wuce ni a mataki, kuma abin yana yi mini ciwo.

Na uku. Da na kai kuka, aka ce an yi ƙiyasi, gyaran takardun ma'aikata yadda waya za ta iya karanta su zai ci shekaru. Na bi ba'asi, ashe kabad-kabad ɗin fayil aka ƙirga, har da fayilolin waɗanda suka rasu. Yallaɓai, ban nemi tarihin ma'aikata ba, kuma takardu ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffi masu rubutun hannu sai an sake buga su, wannan aiki ne babba, na yarda. Masu jadawali sai an zauna an daidaita su. Amma sanarwa da littafin jarrabawa suna nan cikin kwamfutar sakatare, turo su bai kai wahalar neman tawadar hatimi ba.

Roƙona shi ne a ware takardun iri-iri, a gwada kaɗan daga kowane iri a ga lokacin da suka ci, sannan a sake ƙiyasi. Kafin nan, a turo mini littafin jarrabawa yadda yake a kwamfuta. Ta bana bayan girbi ce, kuma ita ce ta ƙarshe kafin in yi ritaya.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya yi masa jagora a aikinsa. Wannan wasiƙa da hannuna na buga ta. Idan za a amsa, a turo amsar kafin ta sha hatimi, in karanta abata da kaina.

Wassalam.

Malama Hajara, Roni.