Rasuwar Mahaifinmu a Sashen Kasuwanci

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gari, mai kula da shafin labaran gida a intanet.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ƙorafi, kuma a fili zan yi shi.

Na farko. Da kuka buɗe shafin nan bara, kun ce don 'yan Suleja mazauna ƙasashen waje ne. Kun kasa labarai kashi-kashi: Haihuwa, Aure, Rasuwa, Kasuwanci. Ni ban taɓa taɓa kwamfuta ba, amma na yaba.

Na biyu. Mahaifinmu, Malam Garba tela na unguwar Wambai, ya rasu bayan ƙaramar salla. Gidanmu ba tarho. Na kai sanarwa ofishinku, na ƙara da abin da kowane gidan mai sana'a ke faɗa ranar rasuwa: wanda ya bar ɗinki a shago ya zo ya karɓa. Ma'aikacinku ya ga shago, ya ga ɗinki, ya jefa ta Kasuwanci. Da na koma, ya ce tsarinku kashi ɗaya yake ba kowane labari, kuma sai da izininku ake sauyawa. Na nemi ganinku, kullum kuna Abuja.

Na uku. Yayana Sani yana karatu a Ingila. Kowace Juma'a yakan buɗe sashen Rasuwa kaɗai, ya duba, ya yi hamdala ya rufe. Ɗalibi me zai nema a Kasuwanci? Bayan sadakar arba'in wani baƙo ya yi masa ta'aziyya a bakin masallaci, shi kuma ya tambaye shi ta wa. Har yau yana ganin mu muka ɓoye masa, ya daina rubuto mana. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kaɗan ne. A ba labari damar shiga kashi biyu. A rubuta wa Yaya Sani cewa mun kawo sanarwa a kan lokaci. Sannan a mayar da Malam cikin mamata, don har jiya, aka ce mini, yana nan tsakanin tallan janareta da ɗakunan haya a unguwar Iku.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ranar da taka ta zo, 'ya'yanka su ji daga gida.

Wassalam.

Isiyaku Garba,
Wambai, Suleja.