Malamin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Anti Mansura, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, kuma kada ki buga sunana. Ni 'yar Mabai ce, bara na gama firamare. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko baƙi aka yi sai in shige ɗaki, shi ya sa na rubuto.

Yayana Mas'udu da abokansa huɗu, wasu a Kankara wasu a Sabuwa, suna rubuta littafin haɗa sola da Hausa. Kyauta ne, yana intanet, kowa yana iya karantawa ko ya ƙara gyara. Da aka tura Yaya koyarwa Faskari sai ya bar mini babbar wayarsa da takardun babi na shida, ya ce in riƙa bugawa ina turawa da sunansa, don na fi shi saurin hannu. Ya ce duk abin da na tura akwai mai dubawa. In ya yi daidai zai sa kore, littafin ya fito sabo. In da kuskure zai sa ja, komai ya tsaya.

Anti, wannan Malam mai dubawa ya tsane ni. Ranar farko na tura shafi biyu ya ba ni kore. Sai daga baya na tuna ban gaishe shi ba, kunya ta rufe ni, don a gidanmu ba a wuce babba a tsaye. Washegari, a cikin akwatin lissafin batir, inda na lura nan ya fi dubawa, na fara da ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Ko minti biyu ba a yi ba ya sa ja. Na ce fushin jiya ne, na ƙara da ban haƙuri. Ja. Na tambayi lafiyar dabbobinsa, in yana da su. Ja. Na yi masa barka da Juma'a har da addu'a ga iyayensa, ya aiko da dogon Turanci, ba sallama ba amin. Kwana goma sha ɗaya, ja goma sha tara. Kuma ko lokacin sallah na tura amsawa yake, abin har ya fara ba ni tsoro a kan ibadarsa.

Jiya Yaya ya bugo a wayar Inna, ya ce abokansa suna kiransa Malam Ina Gajiya, suna dariya, shi bai san dalili ba. Wai littafin ya daina fitowa, kuma ranar Asabar za su haɗu a Kankara, zai biyo ya karɓi wayar ya gani. Na soya ƙuli-ƙuli a kai wa Malam, Inna ma ta ƙara mini mudun gyaɗa da ta ji na malami ne. Tsorona kada Yaya ya karɓe aikin. Aikin nan kaɗai ne wurin da nake faɗar abu muryata ba ta rawa. Ta yaya zan shawo kan bawan Allahn nan?

'Yar Mabai

'Yata, kwantar da hankalinki, ba wanda ya tsane ki. Na tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinmu, ya tabbatar mini Malaminki ba mutum ba ne. Tsari ne yayanki da abokansa suka saita: da an tura gyara sai ya haɗa littafin da kansa, ya gwada lissafin da ke cikin akwatunan. Da ya ci karo da gaisuwar “ya iyali” a inda yake jiran lamba sai ya ruɗe ya sa ja. Ba shi da iyali, ba shi da awaki, sallah ma ba ta hau kansa ba.

Tarbiyyarki ba laifi ba ce. Kuskurenki shi ne kin ga ja sau goma sha tara ba ki tambayi kowa ba. Shi ma Mas'udu yana da nasa kason, don wanda ya bar wa ƙanwarsa aiki ya kamata ya gaya mata da wa take aikin.

Yau ɗin nan ki goge gaisuwar duka, ki bar akwatin yadda yake a takarda, ki tura. In kore ya fito, ki kira yayanki ki gaya masa komai da bakinki. Ɓoyewa ba ta da amfani, abokansa sun riga sun karanta, har addu'ar iyaye. Ƙuli-ƙulin a kai musu Kankara, kwana goma sha ɗaya suna haƙuri.

Zai yi dariya, ki bar shi ya gama. Sannan ki tuna masa cewa shafi biyun farko kore suka samu, ki nemi ya ba ki babi na bakwai, wannan karon da sunanki a kai. In muryarki ta yi rawa, ki faɗa a hakan. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira.

Anti Mansura