Sambo, Saura Haihuwa Ɗaya

Zuwa ga Sambo, Bafillace, bawana na gado,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da shanunka, duk inda wanga saƙo ya iske ka. Ni ne Isa na Kiyeshe, abokin wasanka na ƙabila, Ba'aren da kake sauka gonarsa bayan an cire amfani. Na ce wa babban ɗana ya sa rubutun nan a waya, don an ce yanzu ko saniya ta ɓace can ake cigiya. Masu karatu ku yi haƙuri da hannuna. A aji huɗu mushe, wato malaminmu na boko, ya raka ni bakin ƙofar lakwal, makarantar ke nan, ya ce gona ta fi buƙatata.

Kaka biyu ke nan ba ka zo ba. Karan hatsin da nike hana kowa taɓawa saboda shanunka, gara ce ta cinye. A kasuwar Dogon Dutsi wani ya ce mini an faɗa wa rugarku can arewa, an kore dabbobi. Wani ya rantse ya gan ka ƙetaren iyaka kana sayen gishiri. Na biyun na saya wa goro. Na farkon ko sallama ban sake yi masa ba.

Ka tuna ranar da na roƙe ka haɓɓanaye? Na ga yadda kuke yi tsakaninku: a ba mutum aron karsana, ta haifa masa sau uku, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar ga mai ita. Na ce ni ma a yi mini. Ka yi dariya har rawaninka ya kwance, ka ce Ba'are in aka ba shi saniya, kafin la'asar ta zama kilishi. Washegari ka zo da 'yar kwikwiya ja a aljihun rigarka, ka ce ga haɓɓanayen da ya dace da ni. Sharaɗi ɗaya ka sa: kada karen gari ya hau ta. Irin nan tun kakanka yake tare da ku, siraran ƙugu, dogayen ƙafa, ba su haushin banza.

Yarana suka sa mata Nagge, wai saniya da yarenku. Har yau in aka tambaye ni dukiya ina cewa ina da saniya guda, tana ƙarƙashin rumbu.

Rabi, uwar gidana, ta fara da cewa ko ita ko karyar. Ta ware mata kasko, ta kafa doka: ba ɗaki, ba kusa da tulu, ba kusa da tabarmar salla. Nagge ta riƙe dokar fiye da yadda ni na riƙe. Yau Rabi ce ke rage mata hura. In za ta rijiya karyar na gaba, in ta zauna sussuka karyar na gefe. Lokacin da ɗiyarmu ta ƙarshe ta fara tatata, da wuyan Nagge ta riƙa miƙewa. Ni da aka ba haɓɓanayen, sai ta ga babu kowa a gida take kula ni.

Haihuwa biyu ta yi, duka da Ɓaleri, baƙin karenka. Kai kake kawo shi, ka zauna gindin gawo kana cewa ko karenka ya fi ni asali. 'Ya'yan nata maza na raba wa masu kiwo da suka roƙa. Mace ɗaya tak muka samu, maciji ya sare ta a damina. Ka ga ke nan iri na wajen Nagge kaɗai.

Tun da ka daina zuwa, duk sanda lokacinta ya yi sai in rufe ta a tsohon ɗakin awaki, in zauna bakin ƙofa da sanda. Ka so ka gan ni, Sambo. Magidanci da furfura, karnukan Kiyeshe kaf sun yi mini da'ira kamar masu neman aure, har da wani mai ido ɗaya da ba ya jin jifa. Maƙwabta sun sa mini suna waliyyin amarya. Liman ya ce da ina tsare sahun gaba yadda nike tsare ƙofar nan, da an daɗe da naɗa ni ladan. Na yi dariya tare da su. Ina da hujja: babu Ɓaleri, kuma na yi maka alkawari.

To hujjar ta ƙare. Akwai wani likitan dabbobi da aka kawo aiki Dogon Dutsi, yana da namiji irin naku sak, daga wajen makiyaya ya samo shi. Ya ga Nagge a bayan amalankena ranar kasuwa, ya bi ni har rumfar masu igiya. Ya buɗe bakinta, ya duba haƙora, ya nuna mini farin gashin da ya fito mata a haɓa. Ya ce in kawo ta wannan karon, don ba ya jin akwai wani karon.

Na ce masa karensa ya cika zama cikin gari. Na ce kunnensa bai yi mini ba. Da na zo gida ina maimaita wa Rabi, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗe. Ta ce ba kunnen kare ne ya dame ni ba, tsoro nike ta cika uku, a ce in mayar da ita, in rasa wanda zan miƙa wa igiya.

Ni da ba a raba ni da magana, na fita na zaga gona har rana ta faɗi.

Gaskiya ta faɗa, ɗan'uwana. Muddin saura haihuwa ɗaya, kana da kaya a hannuna, kuma ban taɓa jin Bafillacen da ya bar dabbarsa wajen Ba'are ya yi barci ba. Da wannan nike lallashin kaina. Amma in na ci gaba da rufe ta, irin kakanka a ɗakin awakina zai ƙare, kuma ba don haka ka ɗauko ta a aljihu ba.

Jiya lokacinta ya fara. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗaura jaki, ni da ita mu tahi Dogon Dutsi.

In ta haihu ta yaye, zan kai ta gindin gawon nan bayan an cire amfani, da sabuwar igiya, yadda al'adarku ta ce. Rabi ta ce za ta raka mu, ko da yake ta riga ta fara kuka tun yanzu. In kuma Allah ya ba mu mace a ciki, na riga na yanke: taka ce, haɓɓanaye daga hannuna. Ka zo ka ɗauka, ka riƙe mini har haihuwa uku. Sai mu ga yadda za ka rabu da ni.

Allah ya tsare ka inda kake. In kana tahiya ya sassauta maka hanya, in kana ɓoye ya rufa maka asiri. In kuwa ka riga mu, Allah ya yi maka rahama, ya sa wani naka ya ga rubutun nan ya zo ya karɓi igiyar.

Karan bana ma ba zan bari a taɓa ba.

Ubangidanka, ko ka yarda ko ba ka yarda ba,
Isa, mai saniya ɗaya