Sifirin da Baba Ya Rubuta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya kai da iyali. Allah Ya ba ka sauƙin ƙafar nan da kake ta ɓoye mana. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta fara cin abinci, sai dai har yanzu kofi biyu take ɗaukowa da safe kamar Baba na raye, sannan ta mayar da ɗaya.

Maganar aikin Baba ce ta sa na rubuto. Ka san shekara goma sha huɗu ya yi yana sa wa agwagin ruwa zobe mai lamba a ƙafa, kai kana tsokanarsa wai aurar da su yake yi. To, ni aka bar wa littattafansa in shigar a kwamfuta, kowace agwagwa da layinta, kowace shekara da gurbinta. In ya gan ta a tafki ya sa ɗaya, in a fadama biyu, in ya je bai gan ta ba sifiri. Da haka ake lissafa nawa ke rayuwa, nawa ke ƙaura daga nan zuwa can. Wata biyu na yi a kan teburinsa ina fama da rubutun nan nasa mai kamar tafiyar tururuwa.

Da na gama na kai wa abokin aikinsa, mai lissafin nan mai sanƙo. Kwamfuta ta nuna wai kusan rabin agwagin tafki sun mutu a shekarar ƙarshe. Ya ce sifiri ya yi yawa, ko dai annoba aka yi, ko kuskure. In kuskure ne, dole a cire shekarar gaba ɗaya kafin a miƙa rahoto ƙarshen wata. Ya tambaye ni ko Baba ya fita sosai a shekarar. Na ce ya fita, sauran na ɓoye.

Yaya, ya fita kam, ni nake riƙe masa hannu har bakin ruwa. Amma idonsa ya riga ya tafi, shi kuma bai yarda ba. Zai kafa madubin hangen nesa ya daɗe, sannan ya ce, "Yau ma ba su zo ba, Auta." Alhali ga su nan gabanmu, zobensu na ƙyalli. Wallahi na kasa faɗa masa. Ina kallo yake rubuta sifiri, layi bayan layi.

In na ci gaba da shiru, sunansa zai fita a kan ƙarya, mutumin da ko lamba ɗaya bai taɓa ƙirƙira ba. In na faɗa, za a goge shekarar da ya fi shan wuya a kanta. Abin ya hana ni sakat, kuka kuwa na yi har na gaji. Na dai yanke zan faɗa wa abokin aikin nasa ranar Litinin. Ba izini nake nema ba, so nake wani a gidanmu ya san cewa kuskuren nan ba nasa ba ne, nawa ne.

Ka gaida min Anti da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna na gaishe ku. Don Allah kada ka gaya mata, ita ta ɗauka har ya rasu yana gani.

Ƙanwarka,
Auta